Fara koyon rubuta manhaja: daga layin farko zuwa kuskuren farko

Kwamfuta ba ta san nufinka ba, abin da ka rubuta kawai take bi, baƙi bayan baƙi. Kusan duk wahalar da sabon ɗalibi ke sha daga nan take tasowa: ya yi nufin abu kaza, ya rubuta wani abu daban, kwamfuta kuma ta aikata abin da ta gani a rubuce. Saboda haka aikin watannin farko shi ne ka iya gano inda rubutunka ya saɓa da nufinka. Haddar umarni tana biyo baya da kanta.

Ba a buƙatar zurfin lissafi kafin a fara. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa sun wadatar. Turancin ma kaɗan ne: kalmomin da Python, yaren rubuta manhajar da za mu yi amfani da shi, ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, irin su if, else, for, while da return. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 za ta ɗauki duk abin da ke cikin wannan rubutu, kuma da zarar ka girka kayan aikin ba sai da intanet ba.

Wane yare za a ɗauka

Ka ɗauki guda ɗaya ka tsaya a kansa aƙalla wata uku. Shawararmu Python ne, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, domin rubutunsa gajere ne kuma saƙonnin kuskurensa suna karantuwa. Idan kuwa shafukan intanet ne burinka tun farko, to JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, ya riga ya zauna cikin burauzarka: danna F12 a Chrome ko Firefox, ka shiga Console, ka fara rubutu. Da shi za ka haɗa HTML da CSS, masu tsara gini da kamannin shafi. Java kuma yare ne daban, sunan ne kawai ya yi kama. Kotlin na manhajojin Android ne, Swift na iPhone, C na masu son kusantar injin kansa. Duk za su jira ka, domin ma'ajin bayani, sharaɗi, maimaici da aiki mai suna suna cikin kowannensu, wanda ya iya su a yare ɗaya ya yi rabin aikin na biyu.

A kula da tsofaffin darussa. Python 3 ya fito a 2008, an kuma daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, amma darussansa suna nan birjik a intanet. Alamarsu a bayyane take: in ka ga `print "Sannu"` babu baka biyu, ko ka ga `raw_input`, rufe darasin ka nemi wani.

Girkawa

A Windows, ka sauke Python daga python.org. A shafin farko na girkawa akwai ɗan akwati a ƙasa mai rubutun "Add python.exe to PATH". Ka yi masa alama kafin ka danna komai. Wanda ya tsallake shi, idan ya buɗe Command Prompt, wurin buga umarni a Windows, ya rubuta `python`, ko dai a ce masa ba a san wannan umarni ba, ko kuma Microsoft Store ta buɗe. Dalili shi ne PATH jerin foldoji ne da Windows ke dubawa in an kira sunan manhaja, kuma foldar Python ba ta shiga jerin ba. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a sake girkawa a yi alamar. Don tabbatarwa, rubuta `python --version`, ya kamata ka ga lamba mai farawa da 3. A Mac da Linux umarnin `python3` ne.

Wurin rubutu kuma, ga sabon shiga mun fi son Thonny, wanda aka fara a Jami'ar Tartu ta Istoniya don masu koyo: yana zuwa da Python ɗinsa, kuma yana iya tafiyar da shirinka layi-layi kana ganin abin da ke cikin kowane ma'aji. IDLE yana zuwa tare da Python a Windows, shi ma ya isa. VS Code ya fi su ƙarfi, sai dai saitunansa kan cinye wa mutum makon farko. Kada ka rubuta kod, wato umarnin shirinka, a Microsoft Word: yana mayar da alamar zance miƙaƙƙiya ta zama lanƙwasasshiya, Python kuma ba ya karɓarta. Mai waya kaɗai zai iya farawa da Pydroid 3 a Android, amma ya kashe gyaran rubutu na kibod, domin yana mayar da baƙin farko babba, `Print` kuwa ba `print` ba ne a wajen Python.

Ka buɗe folda guda don aikinka, kowane fayil ya ƙare da .py, kuma kada a sa tazara a sunansa.

Shiri ɗaya da za mu yi ta faɗaɗawa

Maimakon darussa ashirin mabambanta, ɗauki matsala guda ka yi ta ƙara mata kaya. Tamu ita ce lissafin matsakaicin makin ɗalibi. Ka buga kowane layi da hannunka, kada ka kwafa ka manna. Kallon direba ba ya koya wa fasinja tuƙi.

```
a = input("Maki na farko: ")
b = input("Maki na biyu: ")
print(a + b)
```

`a` da `b` ma'ajai ne, sunaye da ke riƙe da bayani. Alamar `=` a nan umarni ce: ɗauki abin da ke dama ka ajiye shi a sunan da ke hagu. Tafiyar da shirin, ka shigar da 60 da 70. Amsar da za ta fito ita ce 6070.

Babu jan rubutu, babu gargaɗi, amma amsar ba daidai ba ce, kuma irin wannan kuskure ya fi mai ihu haɗari. Abin da ya faru shi ne `input` kullum rubutu yake dawowa da shi, ko da lambobi ka buga, kuma `+` tsakanin rubutu biyu liƙa su yake yi. Sai ka ce wa Python ya mayar da su lamba:

```
a = int(input("Maki na farko: "))
b = int(input("Maki na biyu: "))
matsakaici = (a + b) / 2
print("Matsakaici:", matsakaici)
```

Yanzu za ka ga 65.0. Cire bakan da ke kewaye da `a + b` ka sake gwadawa: 95.0, domin rabawa tana gaba da tarawa, an raba 70 biyu sannan aka ƙara 60. Sai ka shigar da 70.5 a matsayin maki. Shirin zai tsaya da ValueError, saboda `int` cikakkiyar lamba kaɗai yake karɓa daga rubutu. Mai ɗigo `float` take buƙata. Wannan ɗabi'a ta ɓata shiri da gangan don ganin abin da zai ce, a riƙe ta tun yau. Wanda ya jawo kuskure da hannunsa yana gane shi nan take ranar da ya zo ba a gayyace shi ba.

Wani abin da ke firgita masu koyo: rubuta `print(0.1 + 0.2)` za ka ga 0.30000000000000004. Kwamfutarka lafiya lau take. Lambobi masu ɗigo ana ajiye su ne da tsarin sifiri da ɗaya, kuma 0.1 ba ta da cikakken wakili a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa in an rubuta ta 0.333. Don nunawa, yi amfani da `round(x, 2)`, kuma ka guji gwada daidaiton irin waɗannan lambobi kai tsaye.

Ga kuma tarkon da ya shafi rubutunmu. Python yana karɓar rubutu cikin alamar zance guda ko biyu. In ka rubuta `print('ɗan'uwa')`, alamar da ke tsakiyar kalmar za ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, sai SyntaxError. Mai rubuta Hausa ya saba da alama biyu: `print("ɗan'uwa")`. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna aiki cikin rubutu, har ma a sunayen ma'ajai, ko da yake a sunaye gara a bar su, don buga su sau hamsin a rana gajiya ce.

Sharaɗi

```
if matsakaici >= 50:
    print("Ya ci")
else:
    print("Ya faɗi")
```

Abubuwa uku ke lalacewa a nan. Mantawa da ɗigo biyu a ƙarshen layin `if`. Rubuta `=` a inda ake nufin tambaya, alhali tambayar daidaito `==` ce. Na ukun shi ne tazarar farkon layi, wadda a Python ma'ana gare ta: layukan da aka tura ciki su ne ke ƙarƙashin sharaɗin. Al'adar masu Python tazara huɗu ce. In ka manta da ita za ka sami IndentationError, in kuma ka gauraya maɓallin Tab da tazara a wuri guda, TabError, ko da a ido layukan sun yi daidai. Wannan na yawan faruwa ga mai kwafo kod daga shafin intanet.

Ka gwada shirin da 49, da 50, da 51. Kurakuran sharaɗi a bakin iyaka suke ɓuya: da `>` ka rubuta maimakon `>=`, mai maki 50 cif ya faɗi, kuma ba za ka taɓa lura ba in da 30 da 80 kawai kake gwaji.

Jeri da maimaici

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, don haka mu ɗan daɗe. Maki biyu sun yi kaɗan, sai mu zuba su a jeri:

```
maki = [60, 70, 45, 82]
jimla = 0
for m in maki:
    jimla = jimla + m
print(jimla / len(maki))
```

Kafin ka tafiyar da shi, ɗauki takarda da biro ka ja layi biyu, ɗaya na `m` ɗaya na `jimla`. Zagaye na farko `m` 60 ne, `jimla` ta zama 60. Na biyu 70, ta zama 130. Na uku 45, ta zama 175. Na huɗu 82, ta zama 257. An raba da 4, wato `len(maki)`, yawan makin da ke jerin, amsa 64.25. Layin `jimla = jimla + m` ba shi da ma'ana a ajin lissafi, amma a nan cewa yake: lissafa na dama da tsohuwar jimla, ka ajiye sakamakon a sunan. Bin kod da biro kamar haka ya fi kallon bidiyo goma amfani, kuma ƙwararru ma suna yin sa in abu ya cije.

Yanzu ɓata shi. Matsar da `jimla = 0` zuwa cikin maimaicin, sama da layin tarawa: amsa ta koma 20.5, domin kowane zagaye yana share abin da aka tara, 82 kaɗai ta rage aka raba da 4. Mayar da shi, ka tura layin `print` ciki da tazara huɗu: amsoshi huɗu za su fito maimakon ɗaya. Babu ɗaya daga cikin biyun da zai jawo saƙon kuskure.

Ƙirga a jeri daga sifiri yake farawa. `maki[0]` shi ne 60, na ƙarshe `maki[3]`, kuma `maki[4]` zai ba ka IndexError. Haka `range(1, 5)` yana ba da 1, 2, 3, 4, ba ya kaiwa 5. Kuskuren ƙari ko ragin ɗaya ba ya barin kowa, sabo ko tsoho.

Don mai amfani ya shigar da maki iya yawan da yake so, sai `while`:

```
maki = []
while True:
    amsa = input("Maki, ko k don tsayawa: ")
    if amsa == "k":
        break
    maki.append(float(amsa))
```

In ka manta da `break`, ko sharaɗin tsayawa bai taɓa cika ba, shirin ba zai daina ba. Ctrl da C a tare suke tsayar da shi. Sannan ka tambayi kanka: in mutum ya buga k tun farko fa? Jerin fanko ne, `len(maki)` sifiri, rabawar kuma ta haifar da ZeroDivisionError. Maganinsa `if len(maki) > 0:` kafin rabawa. Ka saba da yi wa kowane shiri tambayoyin nan uku: in ba a ba shi komai ba, in an ba shi abu ɗaya tak, in an ba shi abin da bai zata ba.

Aiki mai suna

```
def matsakaici(jeri):
    return sum(jeri) / len(jeri)
```

`def` yana ba wa guntun aiki suna don a kira shi ko'ina. Rubuta shi kawai ba ya sa ya yi komai, sai an kira: `sakamako = matsakaici(maki)`. Ruɗanin da ya fi yawa tsakanin `print` da `return` yake. Na farko yana nuna wa mutum abu a allo, na biyu yana miƙa wa sauran shirin. In ka sa `print` a madadin `return`, lambar za ta bayyana a allo ka ɗauka komai daidai, amma `sakamako` zai riƙe `None`, kuma layin `if sakamako >= 50` zai fashe da TypeError mai ambaton NoneType. Duk inda ka ga wannan kalma, fara neman aikin da bai dawo da komai ba.

Kada ka ba ma'ajinka sunan abin da Python ya riga ya mallaka. In ka rubuta `sum = 0` a sama, kiran `sum(jeri)` a ƙasa zai ce 'int' object is not callable, domin ka binne aikin asali da lamba. Haka sunan fayil: wanda ya kira fayil ɗinsa random.py sannan ya rubuta `import random` a ciki, nasa fayil ɗin Python zai ɗauko, sai ya ce babu `randint`, aikin da ke cikin `random` na asali. Canza sunan fayil ɗin, shi ke nan.

Karanta jan rubutu

Saƙon kuskure daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe yana faɗin irin kuskuren da bayaninsa, na samansa kuma sunan fayil da lambar layi. NameError na nufin ka kira sunan da ba a sani ba, galibi kuskuren baƙi ne, `jimlla` a madadin `jimla`, ko babban baƙi a wurin ƙarami. TypeError na nufin ka haɗa nau'i biyu da ba sa haɗuwa, kamar `"Jimla: " + 257`. SyntaxError na nufin Python bai ma fara aiki ba, tsarin rubutun ne ya karye. In layin da aka nuna ya yi maka daidai, duba na samansa, wataƙila baka ce ba a rufe ba. Daga Python 3.10 na 2021 saƙon kan nuna bakar da aka bari a buɗe, wanda ya isa dalilin girka sabon Python.

In babu saƙo amma amsa ta karkace, sa `print` a tsakiyar shirin ka ga abin da ma'ajai ke riƙe da shi a kowane mataki, har da `print(type(a))` don sanin ko lamba ce ko rubutu. Canza abu ɗaya, gwada, sannan na gaba. Mai canza wurare biyar lokaci guda, ko shirin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba. Kuma kada ka rubuta layi arba'in kafin gwajin farko. Layi uku zuwa biyar, ka tafiyar, ka ci gaba.

Game da ChatGPT da ire-irensa: suna iya rubuta duk shirin nan cikin daƙiƙa kaɗan, kuma nan matsalar take ga mai koyo. Ka yi fama da kuskure na minti ashirin tukuna, in ya ƙi, ka nemi su bayyana maka ma'anar saƙon ba tare da ba ka gyararren kod ba. Su ma suna kuskure, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa suke yin sa, wanda bai iya bin kod da biro ba kuwa ba shi da hanyar kama su. In mutum za ka tambaya, kawo abu huɗu: kod ɗin a rubuce ba hoton allo ba, cikakken saƙon kuskure, abin da ka zata zai faru, da abin da ka riga ka gwada. Sau da yawa kafin ka gama rubuta tambayar ka ga amsar.

Ajiye sakamako a fayil

```
with open("sakamako.txt", "a", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Ɗalibi na 1: 64.25\n")
```

`"a"` yana ƙarawa a ƙarshen fayil, `"w"` kuwa yana share duk abin da ke ciki tun lokacin buɗewa, ba tare da tambaya ba. `encoding="utf-8"` wajibi ne ga mai rubuta Hausa: in babu shi, a kwamfutocin Windows da yawa harafin Ɗ zai jawo UnicodeEncodeError, saboda tsohon tsarin haruffan da ake komawa gare shi bai san shi ba. In kuma wajen karantawa ka sami FileNotFoundError alhali ga fayil ɗin kana gani, to Python yana dubawa ne a foldar da aka tayar da shirin daga cikinta, wadda ba lallai ta zama inda fayil ɗin yake ba. `import os` sannan `print(os.getcwd())` zai nuna maka inda yake dubawa.

Lokaci da abin da ke gaba

Minti arba'in zuwa awa ɗaya kullum ya fi awa bakwai a rana guda, don abin da aka bari kwana shida sai an sake koyonsa. Kashi biyu cikin uku na lokacin ya tafi a bugawa, ɗaya a karatu ko kallo. Gwajin ko ka fahimci darasi shi ne ka rufe shi, ka buɗe fayil fanko, ka sake gina shirin daga ka. In ka kasa, ba a wuce wurin ba tukuna.

Shirin makin yana da sauran faɗi: ya riƙe sunan kowane ɗalibi da makinsa ta hanyar `dict`, ya fitar da mafi girma da mafi ƙanƙanta ba tare da `max` da `min` ba, ya ƙi karɓar maki sama da 100, ya yi amfani da `try` da `except` don kada ya mutu in an buga harafi a wurin lamba.

Idan ya kai layi ɗari, lokacin Git ya yi, kafin foldarka ta cika da maki2.py da maki_sabo.py. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005, aikinsa ajiye tarihin canje-canje, kuma daban yake da GitHub, wanda shafi ne da ake ɗora aikin a kai. Umarni uku sun isa farawa: `git init` sau ɗaya a cikin foldar, sannan duk lokacin da shirin ya yi aiki daidai, `git add .` da `git commit -m "an ƙara ajiye fayil"`. Karon farko zai nemi ka saita suna da imel ta `git config`, kuma saƙon zai nuna maka ainihin abin da za ka buga. Kada ka taɓa sa kalmar sirri a cikin fayil ɗin da za ka ɗora, domin ko ka goge ta daga baya tana nan a tarihin, kuma duk wanda ya sauke aikin zai iya komawa ya gan ta.